Saƙo Kafin Gaisuwa

Jikata ce ke rubutawa, ni ban yi karatu ba. Ta ce in faro daga aurena, amma na gaji, daga rediyon zan faro.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kamfanin da maigidana ke yi wa tuƙi ya kafa rediyo a tashar Gaya, ya sa wani a cikin kamyon, wato babbar motar kaya, da ke gaban ayari. Maigidana ke jan wannan kamyon. Daga tasha ake juya motocin, a ce su tsaya, a ce su sake hanya. Mai zama gaban akwatin rediyon a tasha kuwa ɗan wan maigidana ne, tsohon soja, a gidanmu yake ci.

Abin ya wahalar da shi. Wayar da ke kamo murya tana ɗaure tsakanin giginya biyu, iska na kaɗawa sai murya ta tafi. In hadari ya haɗu, ƙara kawai kake ji kamar ana suyar kifi. Ya hau giginya ya ƙara wa wayar tsawo, ya riƙa jiƙa gindin ƙarfen da aka kafa a ƙasa, ya sake batir, har ya rame. Duk da haka in motoci sun yi nisa, muryar takan zo ne ɗan lokaci ta ɗauke. Ga shi in ɗaya na magana ba ya jin ɗayan, sai ya saki maɓalli.

Shi ya sa yake roƙo a bakin tuwo: "Baba, in na kira, a ji saƙo tukuna, gaisuwa ta biyo baya."

"Kai, aikin soja ya cinye maka tarbiyya? In yi kwanaki a daji, ka tare ni da tambaya kamar jandarma?"

"Batir ne, Baba."

"Batir ne ya raɗa maka suna? Ni na ɗauke ka ranar, ka jiƙa mini riga!"

Kowa ya yi dariya, har da ni.

Wata rana da damina na kai abincin rana tasha. Wani mai keke ya zo daga wajen Yelu, ya ce ruwa ya rarake ƙarƙashin kadarko, sama kamar lafiya, ƙasa ba komai. Ta nan ayarin zai biyo. Ɗan namu ya yi ta kira, gumi na ɗiga a kan akwatin. Can sai ga muryar maigidana tangaram.

"Salamu alaikum, soja! Ina wuni?"

Baki ya riga shi. "Lafiya lau, Baba, ya hanya?" Ya saki maɓalli.

Shi ke nan. Maigidana ya riƙe nasa: ina gajiya, ina ruwa, ina yara. Ɗan namu yana ihu "Kadarko, Baba, kadarko!" ba mai jinsa. Sai na ji maigidana ya ce, "Uwargida fa? Ka ce mata na samo mata tabarmar, ta daina fushi." Daga nan ƙara ta rufe komai.

A lokacin, direbobi in sun ji shiru cewa suke lafiya ce. Maigidana ya ci gaba da tafiya. Kadarkon ya rufta da shi, na bayansa suka tsira. Bayan la'asar aka kawo mini gawarsa, da tabarmar a naɗe, jiƙe.

Daga baya aka kafa doka: saƙo ne farko, kuma in rediyo ya yi shiru, mota ta tsaya inda take. Direbobi suka ce yanzu abin ya zama na amana. To. Ɗan namu har ya rasu bai sake haɗa ido da ni ba, ni kuwa ban taɓa ganin laifinsa ba.

Yanzu in jikoki sun kira ni a salula, nakan ce, "Faɗi abin da ya sa ka kira tukuna." Su ce kaka ta zama jandarma. Gaisuwar nan ce ta raba ni da maigidana, kuma a cikinta ya tambaye ni. Har yau in na zo nan sai na yi kuka, ga shi ina yi. Ajiye alƙalamin, ki miƙo mini ruwa.