Na Kashe Maƙwabciyata a Babi na Uku

"Wai ka kashe ni?" Da haka Mama Nkechi, mai shagon atamfa kusa da shagon ɗinkina a Kwararafa, ta tare ni, ko gaisuwa babu.

Bara ne na fara shiga gasar rubuta littafi cikin wata ɗaya, na shelanta wa duk layinmu. Ta nace sai na sa ta ciki, na sa ta a 'yar kasuwa marowaciya. Da labarin ya cije mini a rana ta tara, sai na sa mota ta buge ta a bakin kasuwar Terminus. Matata ta karanta, ta kai mata rahoto.

"Mama, ai labari ne kawai."

"Rowa ban damu ba, oga tela. Amma babi uku? Ko shago na biyu ban buɗe ba!"

Dole na fasa kashe ta, sauran kwanakin duk jinyarta na yi cikin littafin, kullum tana leƙowa ta ji ya jiki. Wata ya ƙare, littafi bai ƙare ba, amma ta warke.

Mai shirin shiga bana, rubuta abinka shiru, kada ka sa maƙwabci. Ku wa kuka taɓa kashewa ya biyo ku?