Ɗacin Sabon Lofe

Ta tagar ofis, mai yankan tikiti tana kallon wani dattijo a bencin tasha. Rigarsa fes, amma maɓallan a karkace, kamar wanda bai saba shirya kansa ba. Yana kankare cikin sabon lofensa da 'yar wuƙa. Ya shafa zuma, ya cusa taba, ya kunna. Zuƙa ɗaya, ya yamutsa fuska ya tofar.

"Baba, motarku ta cika," in ji ta.

"Ɗacin fenti ne, 'yata. Mai ɗakina ce ke gyara min sabo, Allah ya jiƙanta. Shekara arba'in ban taɓa tambayarta yadda take yi ba."

Motar ta tashi, shi kuwa yana nan yana kankarewa.