Ƙafa Dubu a Idon Umma

Shekarar da autarmu ta fara koyon tuƙin jirgin sama a Zariya, Umma ba ta da zance sai nata. Muna zaune a Hashimi lokacin, ni ina bin motar safe zuwa aiki Abuja.

Da ta zo hutun farko, ta ba mu labarin darasin da suke kai. Za ka zaɓi bishiya ko mahaɗar hanya a ƙasa, ka yi ta zagaya ta da jirgi, kada iska ta ture ka. Umma ta ajiye faifan waken da take tsincewa.

"Auta, ki riƙa bin ƙasa-ƙasa. Ko an faɗo, ba nisa."

Yarinyar ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta matso gefen tabarma. "Umma, ai ƙasa-ƙasan ne hatsarin. In inji ya mutu kina dab da rufin gidaje, yaushe za ki nemi fili? Ga wayoyin wuta, ga ƙarafunan sabis."

"To, haye can sama!"

"In na yi sama da yawa, ba zan gane yadda iska ke jan jirgin ba. Tsakanin ƙafa ɗari shida da dubu ake yi. Malaminmu ma ba ya bari a fara sai ka nuna masa gonar da za ka sauka in ta ɓaci."

"Ƙafa dubun nan, ƙafar wa?"

Washegari na ari motar maƙwabci muka kai Umma gindin Dutsen Zuma. Auta ta nuna ƙololuwarsa, ta ce kusan nan ne. Umma ta sha wuce dutsen a hanyar kasuwar Madalla, amma ranar ta fara tsayawa kallonsa. Ta kare rana da tafin hannu, ta ɗaga kai sama.

"Da sauƙi," ta ce. "Mai addu'a za ta iya hango ki."

Bayan damina auta ta bugo waya. Ta ci jarrabawa. Tana cikin zagaye sai mai yi mata gwajin ya rage wa injin ƙarfi, ita kuwa ta miƙe sak ta nufi wata gonar da aka girbe.

Umma ta soya masa ta raba wa unguwa. Da na dawo aiki, na iske ta a ƙofar ɗakin 'yar hayarmu, wata 'yar kudu mai shagon atamfa, tana yi mata bayani da rabin Hausa rabin buroka, tana zagaya turmi da hannuwa a buɗe kamar fikafikan jirgi.