Kawu Ila da Ɗan Marina

Duk wanda ya san Kawu Ila na Mabai ya san ba a gama gaisuwa da shi. Kana cikin tambayarsa iyali zai ɗaga yatsa, ya karkata kai wajen kukan wani tsuntsu, ya bar ka da hannu a miƙe. Cewa yake babu mai fiffike daga Ƙanƙara har Faskari da bai san shi ba.

Ana nan ɗansa Bashir, da ke karatu a Amurka, ya turo bidiyo a wayata: ɗan tsuntsu shuɗi tun daga kai har wutsiya, yana rera kuka bibbiyu a kan reshe. Kawu ya duba ya ce asisi ne ya faɗa rijiyar marina. Na nuna masa babu jan kuncin asisi, bakin ma ya fi kauri. Ranar bai ƙara yi mini magana ba. Washegari ya kira ni ya ce, "Na yarda ba namu ba ne. Amma sunan Turancin da Bashir ya faɗa ba zai shiga bakina ba. Ɗan Marina ke nan."

Da aka turo hoton wata tsuntsuwa mai launin ƙasa, Kawu ya ce a daina ɓata masa lokaci da gwara. Bashir ya ce ai matar ce, namijin kaɗai ke yin shuɗi. Inna Hajara, matar Kawu, tana tankaɗe ta ce, "Ashe can ma maigida ke shan shadda, a bar mace da tsohon zane." Kawu ya tashi ya tafi masallaci, alhali ba a kira salla ba.

Da ya ji tsuntsun ba ya son tsakiyar daji, ya fi son ƙananan itatuwan bakin gona, sai ya hana a sare sabarar da ke iyakar gonarsa. Muka ce teku fa ke tsakani. Ya ce, "To in baƙo ya zo, ina zai sauka?" Baƙin da suka sauka tsuntsayen jan baki ne, suka yi wa geronsa kaca-kaca.

Kullum Bashir ya kira, tsuntsun ake fara tambaya kafin shi. Bara, lokacin da ciwo ya fara kwantar da Kawu, Bashir ya gaya masa Ɗan Marina kan yi ƙaura in sanyi ya shigo, yana bin taurari, kuma ya dawo gurbinsa in gari ya yi ɗumi. Kawu ya ce, "Shi da babu uba mai jiransa ma yana komawa gida."

Da Babbar Salla sai ga Bashir. Ya samu mahaifinsa da rai, shi ya yi jinyarsa, shi ya sa shi a kabari.

Allah Ya jiƙan Kawu Ila, Ya sa ya farka a inuwar da ba ta gushewa.