Sunan da Ɗan Fari Ya Raɗa Mini

Ni dai tarbiyyar da aka yi mini ta kama ni har ta yi yawa. A Bodinga mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta zuba masa ido a gaban mutane. Na ɗauki abin da zafi, har matan unguwa suna misali da ni, ni kuma kaina yana ƙara girma. Da aka yaye yaron, uwar mijina ta ɗauke shi kamar yadda aka saba. A ɗakinta sanƙarau ya kama shi. Ya tashi, amma ba kunne, 'yar maganar da ya fara ma ta bi ruwa.

Tsohuwar ce kaɗai ke gane shi. Su yi ta wulla hannu suna dariya, ni ina bakin turmi ina satar kallonsu ta wutsiyar ido. Shekarar da Nasara suka sa aka kwashi maza zuwa haƙar kuza, har da mijina, a shekarar tsohuwar ta cika. Yaro ya dawo ɗakina, ga uwa ga ɗa, ba mai ce wa wani ci kanka. In na ajiye masa tuwo sai in kau da kai, don haka na iya.

Sai ya zama abin tsoro. Ya fasa tulu, ya ciji ɗan maƙwabta, makarantar allo ta koro shi. Wan mijina, wanda gidan ke hannunsa, ya ce taɓin hankali ne, za a sa masa mari a ƙafa. Ana cikin haka wani mai sayen albasa ya ba shi labarin wani malami a Shagari da ya tara kurame a gidansa, saboda shi ma ya tashi da ƙane kurma. Yana koya musu alwala da salla da rubutun allo da tufkar igiya, iyaye kuma su kai masa dami da kaka. Wan mijina ya ce za a gwada. In malamin ya ƙi, to mari.

Muka tafi da wan mijina, yaro bisa jaki, ni a baya cikin lulluɓi. Ban taɓa ganin makaranta irin wannan ba. Zaure cike da yara, amma tsit, sai hannuwa ke tashi da sauka. Na raɓe jikin bango na ja mayafi.

Bayan gaisuwa malamin ya ce, “Wa ka magana da shi gida?”

Wan mijina ya ce, “Allah shi gafarta malam, wadda ka yi ta rasu. Wagga ita ta uwatai, amma ɗan hwari na.”

“To ba ni amsa tai,” in ji malam. “Ba ni riƙon yaro sai wani na gidansu ya koyi maganar hannu. In ya koma da damana, da bango za shi hira?” Sannan ya juyo wajena. “Ɗiyata, kurma da ido shika ji. Labarin zuciya a tambayi huska. In ba ki dube shi ba, ba ki ce mai komi ba.”

A gaban wan mijina! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A raina har na zagi malamin, na ce wannan tsoho bai san gidan da na fito ba. Na ƙara jan mayafi.

Bai matsa mini ba. Ya jawo yaron ya fara tambayarsa da hannu. Yaro ya ga mai yi masa magana, jikinsa har rawa yake. Ashe kowa a gidanmu yana da sunan da ya sa masa. Malam ya nuna wan mijina, yaro ya kumbura kumatu ya kaɗa yatsa, yara suka yi ta dariya. Yaron ya kwatanta kakarsa da ranƙwafawa bisa sanda, sannan ya kwantar da tafin hannu. Sai malam ya nuna ni. Ina leƙe ta gefen mayafi. Yaron ya kama gefen fuskarsa kamar mai jan lulluɓi, ya kau da kai zuwa bango.

Ba wanda ya yi dariya. Malam ya ce a hankali, “Kin ga sunanki gare shi.”

Kunyar da na sani tun ina yarinya mai daɗi ce, ana yabon mutum da ita. Wadda ta rufe ni a zauren nan ba ta da daɗi ko kaɗan. Na sauke mayafin na dube shi. Yana da wushirya irin ta mahaifina. Yana da tabo bisa gira wanda ban san ranar da ya same shi ba. Shi ma ya tsaya yana kallona kamar baƙuwa. Wan mijina ya yi gyaran murya ya ce bari ya duba jaki.

Malam ya karɓe shi. Na zauna ɗakin matarsa har hannuna ya fara faɗin abin da ake ganewa. Da na koma Bodinga, matan da ke misali da ni suka ce na zubar da kunya a hanyar Shagari. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba, amma ba a sa wa kowa mari ba.

Yau yana da furfura, igiyarsa ake nema a kasuwa, in mun zauna hira sai hannuna ya gaji. Sunansa dai har yanzu bakina bai iya faɗa ba. Nawa kuma bai sake ba, don sunan hannu in ya kama mutum ya kama ke nan. Jikokina da shi suke ambatona in suna magana da ubansu, su ja gefen fuska su kau da kai. Su a zatonsu haka ake cewa uwa.