Yaron da Aka Ɓoye wa Rana

Har yau ban manta da ranar da aka kawo Sa'idu ƙaramin asibitinmu na Rogo ba. A farkon shekarun casa'in ne, ina ɗalibin aikin lafiya, an turo ni koyon aiki ƙarƙashin Malam Garba, shugaban asibitin. Ƙa'ida ita ce ɗalibi ya fara duba mara lafiya, sannan ya gaya wa shugaba abin da ya gani. Ni magana ke ba ni wuya, amma wajen dubawa ba na gaggawa.

Kakarsa, Inna Dije, ce ta goyo shi daga Beli, an naɗe shi da zannuwa. Ya kai shekara biyu bai fara tafiya ba, mura da tari kuma sai su tafi su dawo.

"Allura za ku yi masa," in ji ta. "In ba ku da ita, akwai mai yi a kasuwa."

Na saurari ƙirjinsa, ciwon bai sauka huhu ba. Mura ce ta ƙwayar bairos, wadda allura ba ta kashewa. Amma da na warware zannuwan, sai na ga wuyan hannunsa ya kumbura, ƙafafunsa sun fara lanƙwasa. Na tambayi inda yake wuni. Ta ce a ɗaki, ƙofa rufe, ga kaskon wuta, don kada iska ta buge shi. Tun murar farko ba a fito da shi ba.

Na gaya wa Malam Garba ina zargin ƙarancin bitamin D. Fata ke samar da shi in rana ta taɓa ta, shi ke ƙarfafa ƙashi, kuma yaron da ya rasa shi ciwon ƙirji kan yawan kama shi. Gwajin jini ba mu da shi. Ya sake dubawa da kansa, ya rubuta man kifi, ya ce a riƙa ba shi nonon shanu sosai.

"Wannan mai sauƙi ne," ya ce. "Fito da yaron shi ne aiki. Kai ka gano, kai za ka je."

Na hau keke da safe na tafi Beli. Na tarar da Inna Dije a tsakar gida kan tabarma, ta miƙe ƙafa tana shan hantsi. Sa'idu yana ɗaki yana tari. Na durƙusa na gaishe ta, gaisuwa ta ƙare, bayanin da na haddace a hanya ya ɓace mini.

"Ɗan likita, kallona ka zo yi?"

"Inna, me ya sa kike zama a nan da safe?"

"Ji tambaya! Ƙasusuwana mana. In ban sha hantsi ba ai ba na moruwa."

"To nasa ƙasusuwan fa?"

Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin. Sannan ta ƙwala wa surukarta, uwar yaron, kira: "Ke, miƙo mini maigidan nan nawa!"

Ta cire masa zannuwan da kanta, ta ɗora shi a cinya.

Ban ce hantsi ya warkar da murar ba. Ta ci kwanakinta ta wuce. Amma kafin in gama zamana a Rogo, wata ranar kasuwa, Sa'idu ya shigo asibiti da ƙafarsa, yana riƙe da gefen zanenta.

"Ga shi nan," ta ce. "Ya ƙwace mini tabarma."

Don haka nake gaya muku, ku masu tasowa a aikin lafiya: wanda ya ɓoye yaro a ɗaki ƙauna ce ta sa shi. Kada ku tsaya musu da shi. Ku je gidansa, ku ga abin da yake yi wa jikinsa, ku roƙa wa yaron irinsa.