Hotunan da Na Kai Gaban Mai Unguwa

Shekarar da aka tura ni Gwaram aikin malamin gona ita ce shekarar da na sayi kyamara. Wani mai hoto a Birnin Kudu ne ya sayar mini da ita, tsohuwa ce ta fim, baƙa mai nauyi, ya kuma haɗa mini da wani dogon gilashi da ake ɗaura mata a baki don jawo abin da ke nesa. Ya ce shi bai taɓa amfani da gilashin ba, don masu zuwa hoton fasfo ba sa tsayawa nesa. Ni kuwa ba mutane nake son ɗauka ba. Tun ina ƙarami tsuntsaye da namun daji ke burge ni.

Matsalar dogon gilashi ita ce rawar hannu. Ko numfashi ka ja, sai hoton ya fito dishi-dishi. Don haka na sa kafinta ya yi mini abin ɗora ta mai ƙafa uku na katako, mai walda ya dasa masa noti a ka. Na kuma ɗinka 'yar jaka na cika ta da gero, wadda nake ɗora gilashin a kai idan na kwanta a kan dutse.

Kowace Asabar, da na idar da sallar asuba, sai in ɗaure kayan a bayan babur in nufi wani ƙauye a yankin Farin Dutse. Akwai duwatsu a bayan ƙauyen inda rema ke fitowa shan hantsi, ga kuma fadama a ƙasa da zalɓe da belbela ke sauka. Nakan kafa ƙafa ukuna, in ba rana baya kamar yadda mai hoton ya koya mini, in yi ta jira.

Mako na uku na fara lura da cewa gaisuwa ta canza. Mutanen da ke tsayar da ni su tambayi maganin ƙwarin wake, yanzu sai su amsa sallama a taƙaice su ci gaba da noma. Wata rana na waiga sai na hangi wani dattijo zaune a gindin kanya, da bindigar toka a kan cinya, yana kallona. Na ɗaga masa hannu, bai ɗaga ba. Asabar ta gaba yana nan, ya ɗan matso kusa. Ranar da na zo na tarar an tsige turakun da na kafa don gane wurin tsayuwata, sai raina ya ba ni shi ne. Na tambaya, aka ce mini maharbin ƙauyen ne.

Ba a jima ba mai unguwa ya aiko a kira ni. Na tarar da shi a zaure tare da dattawa huɗu, maharbin kuma na zaune a bakin ƙofa.

"Malam," in ji mai unguwa, "mun san ka da maganar taki da iri. Wannan abin mai ƙafa uku kuma na mene ne?"

"Ranka ya daɗe, hoto nake ɗauka. Tsuntsaye da rema."

"Rema?" Ya dubi dattawan. "Wa ya aiko ka?"

"Babu kowa. Sha'awa ce kawai."

Wani daga cikin dattawan ya ce shi ya taɓa ganin irin abin nan. Masu safiyo, wato masu awon ƙasa, su ne suka kafa shi a garin surukansa, kafin shekara ta zagayo hanya ta cinye gonaki bakwai. Wani kuma ya ce ya ji ana neman duwatsun da za a fasa. Ga ni ma'aikacin gwamnati, ga turaku, ga leƙe ta cikin gilashi. Da na dubi abin ta wajensu, ni kaina na ga bai yi kyau ba.

"Idan hoto ne, ai abin gani ne," in ji mai unguwa. "Ka kawo mu gani."

Na ji sanyi a raina, don na ɗauka magana ta ƙare. Fim ɗaya na cike, hoto talatin da shida. A lokacin sai an kai Kano ake wanke mai launi, don haka na ba wani direba, na jira kwana goma. Da ambulan ɗin ya iso, ɗoki bai bar ni na duba da kyau ba. Na leƙa biyu na sama, na ga launi ya fito, na hau babur.

A zauren aka baje hotunan a kan tabarma. Sai a nan na dube su da kyau. Duwatsu ne, da gonaki, da bakin fadama. Remar da na gani ƙatuwa ta cikin gilashi ta zama ɗan ɗigo kamar kashin ƙuda a kan dutse. Zalɓen da na yi ta murna da shi ya tashi kafin in danna, sai ruwa da ciyawa. Abin da ya fito sarai shi ne iyakokin gonaki, har da jerin aduwar da ta raba gonar mai unguwa da ta ƙaninsa.

"Wannan gonata ce," in ji wani dattijo, yana nuni da yatsa. "Ga rumbuna can."

"Ina tsuntsun, Malam?" mai unguwa ya tambaya a hankali.

Na nuna ɗigon. Aka miƙa hoton hannu zuwa hannu, kowa ya kanne ido ya duba. Babu wanda ya yi dariya, kuma na fi son a ce sun yi.

Maharbin ne ya karɓa a ƙarshe. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Rema ce. Amma daga inda ya tsaya, ko ni ba zan same ta ba." Ya ajiye hoton. "Ko dai bai iya ba ne, ko kuma ya iya ƙwarai."

Aka yanke cewa ba za a hana ni zuwa ba, amma ba zan hau dutse ni kaɗai ba. Maharbin zai riƙa raka ni, kuma ba zan juya gilashin wajen gonaki ba.

Haka muka fara fita, shi yana tsarona, ni ina tsoronsa. Ranar farko ya dubi farar rigata ya ce in tuɓe ta. Ya ba ni wata tsohuwar taguwa mai launin ƙasa, mai warin hayaƙi. Ya hana ni sabulu mai ƙamshi. A gindin dutse ya debi ƙura ya sake ta, ya ga inda iska ta kai ta, sannan muka zagaya ta ɗaya gefen don kada iska ta kai warinmu. Ƙafa ukun ma ya ce in bar shi a ƙasa.

"Abin nan ƙara yake yi. Ɗauko jakar geronka."

Da ciki muka ja har bayan wani falalen dutse. Tsakaninmu da bakin kogon da remar ke kwana bai fi taku ashirin ba. Muka kwanta tun rana ba ta fito ba, tururuwa na bin wuyana, ya ce ko ta cije ni kada in motsa. A nan na gane kuskurena. Na ɗauka gilashi ne zai yi mini tafiyar, ashe sai na yi da kaina.

Da hantsi ya taɓa dutsen sai ga remar sun fito, ɗaya bayan ɗaya, har shida. Babbar ta hau sama ta zauna tana gadi. Na ɗora gilashin a kan jakar, na murɗa shi a hankali har idonta ya fito tas, na riƙe numfashi, na danna. Ƙarar ta sa duk suka daskare. Maharbin ya danne mini hannu. Muka jira har suka saki jiki, sannan ya ɗaga yatsa, na sake dannawa.

A hanyar dawowa wani tunani ya dame ni. Mutumin nan da naman daji yake ci da iyalinsa. Asabar ta gaba na ƙirga remar, biyar na gani. Ta gaba ma biyar. Na kasa haƙuri.

"Baba, ɗaya ta ɓata."

"Na gani."

"Kai ne?"

Ya tsaya ya dube ni. "Da ni ne, ba ɗaya za ka rasa ba. Akwai gaggafa a dutsen nan." Ya ci gaba da tafiya, can ya ce ba tare da ya waigo ba, "Kai ma ban gama da kai ba. Wanda ke wanke hotunan nan a Kano, shi wa yake nuna wa?"

Ban san amsar ba, na kuma faɗa masa ban sani ba. Gaggafar kuwa ban taɓa ganinta ba, ko da yake na yi ta ɗaga kai.

Fim na biyu ya dawo da hotuna huɗu masu kyau. A ɗaya, babbar remar ta cika takardar, ana ganin gashin bakinta da hasken rana a ƙwayar idonta. Mai unguwa ya riƙe shi da hannu biyu, ya ce lallai wannan rema ce. Sannan ya tambaye ni nawa ake sayen irinsa. Na ce ba na sayarwa ba ne. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji amma bai karɓa ba, ya ce sharaɗin na nan yadda yake.

Damina biyu na yi ina hawa dutsen nan tare da maharbin. Ya koya mini kiran fakara da tafin hannu, ni kuma na bar shi ya leƙa ta cikin gilashi, abin da ya yi sau ɗaya ya ce ya ishe shi. Da takardar canjin wurin aiki ta zo, na je yi masa sallama, na roƙe shi ya tsaya in ɗauke shi hoto ko guda ɗaya. Ya gyara zaman hularsa kamar zai yarda, sai kuma ya ce a'a, shi bai san hannun da hoton zai faɗa ba. Ya raka ni har bakin hanya, ya riƙe mini babur na ɗaure kayana.